Kafin Laka Ta Kwanta

A Dadin Kowa nake rubutun nan,
garin da sunansa ya yi wata uku yana yi mini ba'a.

Shinkafata ta kai ƙugu,
ta ɗauki ciki, ta fara sunkuyar da kai,
sai ruwa ya zo da dare, bai yi sallama ba.
Da safe na tarar da tafki inda na bar gona,
balbelu na kiwo a kan bashin da na ci.

Tun ranar tuwo ya koma ƙasa a bakina.
Ladidi ta ajiye, in ture.
Yara su yi dariya a tsakar gida,
in ji kamar da ni suke.
Har rediyo na zare wa batir.

Cikin wannan hali Gidado dillali ya iso,
hula a karkace, biro a aljihu.
Ya ce wani mutumin Gombe yana so,
kadada biyu har da injin ban-ruwa,
kuɗi hannu, ran Laraba.
Na ce ya kawo takarda.
A zuci na riga na gama shiri:
in sallami mai taki,
in kai Ladidi da yara gidansu a Deba,
ni kuma in hau motar kudu,
ko ina ne, in dai ba a san sunan ubana ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu,
a lokacin komai a fili yake, tas.
Baƙin ciki gwanin lissafi ne,
ya tara, ya ɗebe, ya raba,
kullum amsarsa ɗaya: tashi.
Bai taɓa cewa wataƙila ba.

Ran Talata da la'asar na bi ta gidan Goggo Yelwa,
wai sallama, ba tare da na ce sallama ce ba.
Ta dawo daga rafi ke nan,
ruwan bokitinta kamar kunun kanwa.
Ƙishi nake ji, na kai hannu da moɗa.
Ta buge hannun.
Ta kwance bakin zane, ta jefa ɗan alif,
ta ce, "Zauna.
Ruwan naka ne, ba mai ƙwace maka.
Amma wanda ya sha yanzu, laka ya sha."

Ban san ko ta ji labarin Gidado ba.
Ban tambaya ba, ba ta faɗa ba.
Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.
Na zauna ina kallon bokiti
har aka kira magariba,
har na hango gindinsa,
da wata 'yar tsatsa kusa da ƙasa.

Laraba ta zo da Gidado.
Na ce, sai bayan girbin rani.
Ya ce kuɗi ba sa jira. Na ce su tafi.
Ya karkaɗe riga, ya buga babur da fushi.

Kada a ce daga nan na warke.
Bashi na nan, mai taki ya san ƙofata,
akwai asubahin da har yau ke danne mini ƙirji.
Na dai faɗa wa Ladidi abin da na so yi.
Ta yi shiru, ta yi kuka, ta zage ni,
sannan ta zubo tuwo, na ci rabi.

Takardar tana ƙarƙashin katifa.
Mai yiwuwa ma in sayar wata rana,
gona ba aya ba ce.
Amma ba wancan mutumin zai sa hannu ba,
wanda ya kwana tara bai rintsa ba.
Sai wanda ya ci, ya ƙoshi, ya yi barci,
ya duba filin da rana tsaka.

Jiya na yafa irin albasa a gefen rafi.
Ɗan autana ya tsinto batir ɗin nan,
ya ce, Baba, a mayar?