Ƙarfe Biyun Dare a Kakuri

Ƙarfe biyun dare, injin ya yi shiru.
Ni ke riƙe da makullin sito,
don haka ni ake kallo,
ni da ban shuka ba, ban girbe ba,
ban taɓa riƙe sitiyari ba.

Buhu ɗari uku na rubuta da jan biro
tun ranar Laraba.
Suna can kwance bayan Pambeguwa
a kan motar Barau,
wadda ta karye a ramin da ya ci tayarta bara.
Ya bugo waya, ruwan sama na dukan muryarsa:
"Ladidi, kwana biyu ina gadin masararki.
Shinge bakwai na wuce, kowanne da hannu a miƙe,
kuɗin bakanike a nan suka narke."

Ma'aikata goma sha ɗaya sun jingina da bango,
gari ya yi musu furfura tun ba su tsufa ba.
Tanko ya sauke takunkumi yana ƙirga yatsu:
in ba niƙa, ba lada,
in ba lada, 'yarsa ba ta koma aji.
Ban ce masa komai ba.
Tankinmu maƙil da dizal,
randa cike da ruwa a gidan da ba hatsi.

Can Kudenda akwai Istifanus.
Shekara shida muna ƙwace wa juna masu saye,
in ya rage hamsin mu rage sittin,
in mun haɗu a banki sai gaisuwar leɓe.
Na san sitonsa ya cika har rufi,
ya yi sayen kaka a Saminaka.
Na kuma san janaretansa kwana uku bai yi tari ba,
tankar mansa ta maƙale a hanyar Lokoja.
Ba abin da ke ɓuya a bakin 'yan dako.

Na ɗauki waya, na ajiye.
Na sha ruwa. Na sake ɗauka.
Girman kai ba ya niƙuwa,
da yana yi, da ni da shi mun ciyar da Kaduna.

"Wa ke magana?" ya ce, alhali ya sani.
Na ce, "Mai mai ce, tana neman mai masara."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Duro nawa?"
"Takwas."
"Buhu ɗari."
"Da ashirin. Ka lulluɓe da tamfol, ana yayyafi."
Ya yi shiru, sannan ya ce,
"Bakanikena yana da ƙarfen da Barau ke nema.
Mako mai zuwa kuwa, me ya sa za mu tura mota biyu
su je Saminaka, kowacce ta dawo rabi?"

Kafin assalatu motarsa ta tsaya ƙofarmu,
sunan kamfaninsa baro-baro a goshinta.
Maigadi ya haska ta, ya haska fuskata,
na ce buɗe.
Tanko ne ya fara sa kafaɗa.
Bel ya motsa, ƙasa ta ɗauki rawa,
ƙarar da kullum nake tsinewa
yau ta fi mini kiɗan biki daɗi.

Da hantsi, a Kasuwar Barci,
wata uwa za ta tsaya gaban kanti.
Ledarmu kore, tasa rawaya,
kafaɗa da kafaɗa, kowacce na harare.
Za ta juya wannan, ta matsa waccan,
ta ce kai, gari ya yi tsada,
ta zaɓi ɗaya ta ƙulle a gefen mayafi.
Ba za ta san gona ɗaya ta haife su ba,
mai ɗaya ya niƙa su a dare ɗaya.

Ni dai na buɗe sabon shafi,
na rubuta: Istifanus, buhu ɗari da ashirin, bashi.
Jan biron ya ƙare a tsakiyar sunansa,
na ƙarasa da shuɗi.
Barau bai iso ba tukuna.