Ɗalibi Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

A Whitehaven ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka ji shi a wuyan riga.
Shekara ta uku ke nan ina bin jirgin ƙasa na bakwai saura,
jakata maƙil da takardun tambaya,
ina awon abin da ba shi da mudu.

Tambayar ita ce:
Sau nawa kake jin ba ka da abokin magana?
Da wuya. Jefi-jefi. Sau da yawa.
Zaɓi ɗaya, ka zagaye da biro.

Yara ɗari biyu da sha shida suka zagaye.
Shi bai zagaye ba.
Can ƙasan takarda ya rubuta, mitsi-mitsi:
"A aji, ko a gida?"

A kundina sunansa arba'in da ɗaya,
haka ƙa'idar bincike ta ce.
Amma Declan ne,
mai cin abincin rana a tsaye bayan ɗakin kimiyya
inda bututun ɗumi yake huci,
yana ta shafar gilashin waya
kamar akwai mai jiransa a ciki.

Lorna ce mai sada yara da gari.
Ba allura, ba ƙwaya, ba farar riga.
Zama uku ba ta ce masa ina ke ciwo ba,
sai dai: me kake so?
Ya ce ba komai.
To, me ka taɓa so?
Ya daɗe yana kallon takalminsa. Ya ce igiya.
Ƙulli bakwai kakansa ya koya masa kafin ya kwanta dama,
huɗu ne suka rage a yatsunsa.

Ga takardar maganin da ta rubuta:
Laraba, ƙarfe huɗu,
rumfar gyaran kwale-kwale a bakin teku,
a nemi dattijo Gaskarth.
Sau ɗaya a mako, har mako takwas.

Larabar farko ya kai ƙofa, ya juya.
Ta biyu na rubuta "bai zo ba" a gurbinsa.
Ta uku Lorna ta taka masa,
lema ɗaya, kafaɗarta a jiƙe,
don zumunci a ƙafa yake, ko da ƙafar ta aro ce.

Gaskarth ba mai surutu ba ne.
Ya miƙa masa sanfefa, ya nuna masa gindin jirgi, shi ke nan.
Warin fenti, rediyo mai shaƙewa, shayi ya huce a kan benci.
Sai a mako na biyar
wata Tegan, 'yar wata makaranta,
igiya ta ƙi mata, ta yi tsaki.
Ya karɓa, ya ƙulla.
Ta ce, sake, a hankali, ban gani ba.
Ya sake.

Ba zan yi wa alƙaluma ƙarya ba.
Da yawa suna nan inda na same su.
Tara ma sun ƙara nutsewa,
kamar kiran sunan abin ne ya tashe shi.
Farfesa ya ce yaro ɗaya ba hujja ba ne,
kuma yana da gaskiya.
Kuɗin rumfar zai ƙare a watan Maris.

Declan dai ya zagaye "sau da yawa".
Amma a ƙasa, da wannan rubutun nasa:
"Ban da Laraba."
Jadawalina ba shi da gurbin Laraba.

Da ya miƙo takardar, fenti shuɗi a farcensa,
ya ce, ke fa, wanne kika zagaye?
Na yi dariya, na ce ni mai tambaya ce.

A jirgin komawa teku ya yi baƙi a taga.
Kwana huɗu wayata ba ta yi ƙara ba.
Na zaro takarda ɗaya da ba a cike ba,
na cire wa biro hula.