Ɗaya ga Janairu

Ƙarfe biyun dare a Tawa wuta ta dawo,
fanka ta ɗora daga inda ta tsaya.
Layi dubu ɗari takwas a gabana,
sunayen masu jiran irin gero kafin ruwan shuka.

Masu rajista uku sun bi gari guda,
kowa da littafinsa, kowa da kunnensa.
An rubuta Cipkau da safe,
an sake rubuta shi da la'asar a gindin wata bishiyar,
na uku ya tarar da shi a kasuwa.
Mutum ɗaya, buhu uku.

Sai na ƙera makulli mai haƙori huɗu:
suna, sunan uba, gari, ranar haihuwa.
Na ce wa na'ura, in kin ga huɗun nan sau biyu,
riƙe na fari, share na baya.
Minti tara ta yi tana sheƙa.
Dubu sittin da ɗaya suka bi ƙaiƙayi.
Na shanye shayin da ya huce,
na kwanta ina yabon kaina.

Ran Litinin, bayan kasuwa ta watse,
wata dattijuwa ta tsaya ƙofar biro,
takalmi a hannu, daga Barmu take.
Hajo Nomau. An ce mata ta riga ta karɓa.
Na duba, na juya mata allon:
ga ki nan, Inna, har da dangwalenki.

Ta kalli babban yatsanta. Babu tawada.
"Waccan Hajon bakin rijiya ce.
Nomau ɗinta maƙeri ne,
nawa raƙumi ya ja har ya mutu."

Ranar haihuwa fa?

Ta yi dariya har ta dafa bango.
"Ni shekarar fari, ita bayan an yi ƙoshi.
Mushen da ya yi mana kati
shi ya haife mu rana guda."

Ɗaya ga Janairu.
Na tace jerin da wannan rana kaɗai,
sai ga rabin Adar, duk tagwaye.

Allah ya so ban zubar da kwandon ba.
Ga ni ina tsintar ƙaiƙayi layi-layi,
ina neman tsabar da na sheƙar.
Na kai na ɗari uku da goma sha.
Tana kan benci, ta ƙi shan ruwan da na ba ta,
ta ce sai ta ga sunanta.
Ta taga, gabas ta fara yin baƙi.