Mai Riƙe Agogo

A Ambo, bayan rumbun hatsi,
Likita Obse ta shimfiɗa tamfol a kan raɓa.
Ni aikina agogo da biro.

Dokin Dirriba ne farko, ingarma mai ƙurji a wuya.
Zailazin ta sunkuyar da kansa,
leɓensa ya saki kamar tsohon takalmi.
Ketamin ta biyo baya, gwiwoyi suka ba da gari.
Daƙiƙa saba'in, na rubuta.

Jakanyar Ayyantu ta iso daga baya,
tana mana kallon masu bin bashi.
Awo ɗaya aka yi mata, gwargwadon nauyi,
amma minti goma ba su cika ba
ta soma harbin iska.
"Hantarta ta fi ta doki hanzari," in ji Likita.
Ta ƙara mata rabi.
Wata mai kamawa za mu gwada furofofol,
farin nan mai kama da madara,
in kuɗi ya iso daga Addis.

Tashin ne ke ba ni tsoro.
Doki ya farka a firgice,
ƙafafu huɗu, kowacce da nata ra'ayi,
ya zabura, ya faɗi, ya sake zabura,
igiya ta ɗaye mini tafin hannu.

Jakanya kuwa ta buɗe ido
ta ci gaba da kwanciya, tana shawara da ƙasusuwanta,
har kofin Likita ya huce.
Sannan ta miƙe, sau ɗaya tak,
ta kai baki ga ciyawa.

Dirriba ya leƙo littafina:
"To, wa ya ci?"
Na nuna masa hannuna.