Yawun Mahaifina

A Valdivia ruwan sama ba ya neman izini.
Kwana tara yana dukan kwanon ɗakin babana,
kogin Calle-Calle ya cika ya batse,
amma bakin Eleuterio a bushe yake ƙamas.

Likitoci sun gasa dajin da ke maƙogwaronsa,
wutar ta ci maƙiyi, ta haɗa da rijiya.
Yanzu lomar burodi sai ya tsoma ta a shayi,
ya tauna, ya dakata, kamar mai jiran biyan bashi.

Ni kuwa shekara goma sha ɗaya
ina ɗura yawun mutane a 'yan kwalabe,
ina juya shi a inji, ina ƙirga furotin ɗinsa,
ban taɓa ce masa sannu da aiki ba.

Na san lisozim, mai rushe katangar ƙwayar cuta
har ta sha ruwa ta fashe.
Na san laktofarin, marowaci,
mai ƙunshe ƙarfe a hammata
don kada baƙo ya sami na kai wa baki.
Ga masu yauƙi, masu shimfiɗa taɓo a mashiga,
duk wanda ya tako ya kafe.
Ba sa tambayar sunan ɓarawo,
ba sa jiran a yi shela.
Kafin jini ya ji labari, sun gama.

Haka nake rubutawa a takardu.
Ban gane ba sai ranar Talata
da ya buɗe baki a gaban taga,
na haska da fitilar wayata:
farar fumfuna ta yi gona a harshensa,
haƙora biyu sun fara zaizayewa daga gindi.
Masu gadi sun tashi, ƙofa a wangale.

Ya ce, "Maite, da can a kasuwar kifi
sai in tofar da shi a kogi, in ci gaba da wasa wuƙa.
Ashe dukiya nake ba ruwa."

Na fesa masa na kanti, mai ƙamshin na'ana'a.
Wannan jiƙa leɓe kawai ya iya,
bai san faɗa ba.
Ya lasa, ya yatsine fuska, ya tuntsire da dariya,
dariyar ta taho da hawaye.

Na miƙa hannu zan share, sai na fasa.
Su ma akwai lisozim a cikinsu.
Na bar su suna gangarowa ta gefen hancinsa,
sannu a hankali,
har kusurwar baki.