Gadar da Na Gama da Asuba

Ƙarfe goma na dare nake karɓar mabuɗi
daga hannun Fermin. Shi ya hau kekensa ya nufi Zaragoza,
ni in ja ƙyauren kwano, in kunna hita,
in zuba wa karyata ruwa a tsohuwar hular aiki.

A waje benaye bakwai na tsaye ba tagogi,
rodi ya yi cirko-cirko a kansu
kamar gashin wanda ya ga abin tsoro.
Shekara tara ke nan da kamfani ya karye.
Doguwar ƙugiyar ɗaga kaya na inda aka bar ta,
iskar kwarin Ebro kaɗai ke juya mata wuya,
tana ƙara kamar ƙofar da ta manta da mai.

Ni ne Anselmo, mai katafila a da.
Shekara ashirin da shida a kan kujera mai rawa,
ƙasa na raɗa mini ta ƙashin baya:
nan laka ce, nan dutse,
nan bututu na kwance, bi a hankali.
Yau tocila ce rabona, da littafin sa hannu.

'Yata Nuria ta kawo na'urar wasan,
ta jona ta da ɗan talabijin na ɗakin gadi.
"Baba, ga katafilarka."
Na dubi abin da ta ɗora mini a tafi,
ko nauyin burodi bai kai ba.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Daren farko na kifar da tifa a rami.
Na biyu na rushe katangar wani,
ba wanda ya fito da ashar a baki,
allo ya ce in sake, shi ke nan.
Hannun da ya horar da ƙarfe
ya koma ɗan koyo a gaban maɓalli huɗu.

Amma mai haƙa ba ya manta gangara.
Kafin sanyi ya wuce na sayi gireda,
na sayi rola, na karɓi kwangilar gada.
A can siminti ba ya makara,
ana gama aiki kuɗi ke faɗowa.
A can ba wanda ke zamewa daga hawa na biyar
yadda Evaristo ya zame ranar wata Talata,
da rabin abincinsa a aljihu.

Abin da babu shi ne wari.
Ba dizal, ba giris, ba jiƙaƙƙen yashi.
In bokiti ya ci karo da dutse
sai abin ya ɗan yi ɓari a hannuna,
kamar zuciyar tsuntsun da aka kama.

Jiya, wajen ƙarfe huɗu, na ɗora ƙarfen ƙarshe.
Ƙananan motoci suka fara hayewa,
ja, fara, wata ja,
ba direban da ya waiwayo.
Na zauna ina ƙirga su har shayina ya huce.

Sai na ɗauki tocila na fita zagaye.
Bayan tulin bulo tsohuwar tana nan,
ciyawa ta tsiro tsakanin haƙoranta,
kyanwa ta haihu a cikin bokitin.
Na taka, na hau, gwiwa na gunaguni.
Kujerar ta gane ni, ta nutse daidai inda ta saba.
Na miƙa hannu ga sandunan tuƙi
cikin duhu, yadda na yi sau dubu,
sai na ji manyan yatsuna biyu
suna lalube a iska,
suna neman maɓalli.

Na daɗe a zaune.
Karya ta yi haushi sau ɗaya, ta fasa.

Da Fermin ya iso da safe, hancinsa ja don sanyi,
ya buɗe littafi ya karanta abin da na rubuta:
Ba abin da ya faru.