Abin da Ɓarawo Bai San Ya Ɗauka Ba

Minti bakwai na yi a kemis ɗin Gawon Nama,
ina jiran canjin maganin tarin Luba.
Na fito, gilashin baya ya zama tsakuwa,
kujera wayam, sai igiyar caja tana reto,
wutsiyar da ƙadangare ya bari ya tsere.

Mai rake ya ce bai ga kowa ba.
Mai faci ya ce, "Wani yaro na, bisa kabu-kabu,
sun tahi wajen Mabera,"
ya maida kansa ga tayarsa.

Yaro, ba baƙar jakar nake wa kuka ba,
ba kuɗin adashin da ya sayi kwamfutar ba.
Ka ɗauki shekara biyu na zama a Shiyar Majema,
bisa turmin da aka kife mini,
hancina cike da warin jima,
Baba Haliru yana magana, ina naɗa.
Yadda ake jiƙa fatar jar akuya a ruwan toka,
awon bagaruwa, lokacin karan dafi,
inda yakan tsaya ya yi tari,
inda yakan yi wa tambayata dariya.
Zama arba'in da ɗaya.
Da azumin bana muka kai shi makwancinsa,
kai kuma ka saɓa muryarsa a kafaɗa
ba ka ji nauyinta ba.

Laifina ba zan ɓoye shi ba.
Kalmar sirrina sunan Luba ce da shekarar haihuwarta,
na ma rubuta a takarda na liƙa a ƙarƙashi,
mai gidan da ya sa kwaɗo ya rataye mabuɗi a jiki.
Hoton katin shaidata na ciki,
takardun banki, wasiƙun da ban aika ba.
Kwana uku ina canza kalmomi, ina kiran banki,
ina tuna abin da baƙon ido zai gani in ji kunya.

Jelani mai gyara bai rarrashe ni ba.
"Malam, kahin magariba an shahe ta tas,
an yi mata sabon suna.
Ƙarhe ana saye. Ina ka aje na biyu?"
Na yi shiru.
Gero na duka a rumbu ɗaya yake,
rumbun kuma mai hannun ɗauka.

Sai Mu'azu ƙanena ya kira daga Wamakko:
akwai guda da na taɓa tura masa ta waya
don ya ji dariyar tsohon.
Minti huɗu. Kaza na kuka a baya.
Baba na cewa, "Hwata ba ta son gaugawa, ɗana."
Na saurara har batir ya mutu.

Yanzu kowane daren Alhamis ina rabon gado da raina:
kashi ɗaya a filashi, cikin 'yar jakar fata
da jikan Baba ya ɗinka mini,
kashi ɗaya a aljihun tebur ɗin Mu'azu,
kashi ɗaya a ma'ajiyar intanet, in sabis ya yarda.
Faifan ciki na kulle shi,
ko an zaro shi ba zai buɗa baki ba.
Kalmar sirri doguwa ce, ba ta da dangi a gidanmu.
Sabuwar tana yawo a tsohuwar jakar makarantar Luba,
mai yagaggen zif, wadda ba mai waiwaya.
In na shiga masallaci, gabana take.
Mota kuwa ko goro ba na bar mata.

Kai da ka saye ta da araha,
in ba a goge ta da kyau ba,
akwai wani kundi mai suna "Majema".
Ka riƙe ƙarfen.
Na goma sha tara nake so,
ranar da ya faɗi sunan wanda ya koya masa.